Katakon Malam Mainasara

Duk gidan nan, daga babba har yaro, ba wanda bai san cewa katakon da ke naɗe cikin tsohuwar tabarma a saman ɗakin shirgi na rufin kabarin Malam Mainasara ne ba, sai Murja, matar ɗansa Harisu.

Katakon maɗaci ne. Itacen yana gonar gadonsu ta hanyar Zango, a gindinsa Malam ya yi wasan ƙasa, a gindinsa kuma matarsa Laraba ta riƙa ajiye masa fura shekara da shekaru. Da iskar farkon damina ta kayar da shi wata shekara, masu turmi suka yi ta zarya, ya ƙi sayarwa. Ya sa aka yanka masa katako gajeru masu kauri, daidai faɗin kabari. Mutane sun saba rufe ɗan ramin ciki da itacen da aka samu ko fasassun tukwane kafin a zuba ƙasa, shi kuwa ya ce itace ɗaya zai rufe su su biyu. Da Laraba ta rasu aka kai rabi maƙabarta, rabin ya zauna yana jiran mai shi. Duk shekara in azumi ya ƙarato sai ya sa a sauko da su, a shanya a rana saboda gara, ya shafa su da hannunsa, a naɗe a mayar.

Murja bayan rasuwar Laraba aka kawo ta daga Mashi, ko azumi ɗaya ba ta yi a gidan ba. Harisu ya ɗauka Gwaggo Haulatu, ƙanwar Malam da ke zaune a gidan, ta gaya mata. Gwaggo ta ɗauka Harisu ya gaya mata. Kuma in za a faɗi gaskiya, wa zai tari amarya da zancen kabari? Haka maganar ta faɗa tsakanin mutum biyu ba wanda ya tsince ta.

Ita kuwa Murja irin mutanen nan ne da Allah bai halitta da zama ba. In ta gama shara sai ta sake jeren ƙwanuka, in ta gama jeren sai ta ga bai yi mata ba, ta rushe. 'Yar kafinta ce, ubanta bai samu ɗa namiji da wuri ba, ita ta tashi tana danne masa katako yana yanka. Ranar da aka kawo kayan ɗakinta, a ƙarƙashin katifa ta ɓoye wani tsohon zartonsa da hama, don ta san in iyayenta mata suka gani sai sun ce ta ja musu abin faɗa.

Harisu fatauci yake yi ta Kwangwalam, yana kai hatsi Nijar yana dawowa da awaki. Wata tafiya da ya yi Kano ya ga banɗaki na cikin ɗaki a gidan wani abokinsa, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa. Aka yi, har magini ya bar wani rami mai tsawo a jikin bango aka sa masa murfi, wai kwaba ce ta ajiye kayan wanka. Sai dai kwabar ba kanta ko ɗaya a cikinta. Sabulu da omo da soso da kwalaben man shafawa da turarukanta duk a ƙasa suke jibge, in ta ciro ɗaya uku su zube. Abin ba abin tashin hankali ba ne ga mai haƙuri, amma Murja ba ta cikin masu haƙuri.

Ta yi wa Harisu magana ya ce gobe. Ta sake, ya ce in ya dawo. Ta ce to ya turo kafinta ko ba ya nan, ga Gwaggo sai ta tsaya a kansa. Nan fa ya murtuke fuska. Lokacin shari'a ta shigo da zafinta, shi kuma ya ɗauke ta hannu biyu: ya sabunta rubutun "Ba a shiga" na bakin zaure da jan fenti, ya hana ko mai ruwa wuce soro, ya ce ba wani ƙato da zai shigar masa har banɗakin iyali yana wata ƙasa. Ya ƙara da cewa ai akwai ragowar katakon gini a ɗakin shirgi, in ya dawo da kansa zai buga mata. Mutumin da bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba.

Ya tafi. Gwaggo ma ta tafi biki Mai'aduwa. Malam kuwa daga hantsi yana ƙofar gida kan buzunsa sai azahar. Gida ya yi wa Murja faɗi.

Ta shiga ɗakin shirgi. Ragowar katakon ginin da aka ce, wasu farare ne a jingine, siminti ya bushe a jikinsu, gara ta cinye cikinsu, tana taɓawa suna zubar da gari. Har ta juya za ta fita idonta ya kai sama ga naɗin tabarma. Ta janyo turmi ta kifa, ta taka, ta sauko da shi da ƙyar don nauyi. Da ta kwance igiyar sai da ta yi murmushi ita kaɗai. Jajaye ne, sumul, ba tsaga ba ƙulli, irin katakon da ubanta kan shafa ya ce wannan ba na talaka ba ne. A ranta ta ce lallai Harisu akwai rowa, wato na kirkin ya ɓoye a sama.

Ta auna kwabar da taƙinta. Katakon sun fi faɗin ramin tsawo da taƙi guda har da ɗoriya. Ta ja layi da gawayi, ta ɗora na farko kan turmi, ta danne da gwiwa, ta sa zarto. Maɗaci ba ya yankuwa da wasa. Gumi ya jiƙe mata riga, tafin hannunta ya yi bororo, jan gari ya cika mata zane yana ɗaci a maƙogwaro. Amma rabonta da jin daɗi irin na ranar tun tana gidansu. Kwabar tana da zurfi, saboda haka kowace kanta sai ta haɗa katako biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Guntayen da ta yanke ma ba ta bar su ba, ta faskara su sirara ta buga a bango da ƙusar kankare, suka zama matokaran da kantocin za su hau.

Ta goge, ta jera kayanta. Sabulai a sama, turaruka a tsakiya, omo da bokitin wanki a ƙasa. Ta rufe murfin, ta buɗe, ta sake rufewa. Ranar sai da ta shiga banɗakin nan ba adadi, ba don komai ba sai don ta leƙa.

Da Gwaggo ta dawo daga biki, ko mayafi ba ta cire ba Murja ta ja ta ta ga aiki. Tsohuwa ta tsaya bakin ƙofar banɗaki tana yabawa, tana cewa wannan yarinya da namiji ce da ta riƙe gida. Sai ta matsa, ta kai hannu ta shafa gefen kanta ɗaya. Ta daɗe hannunta na wurin.

"Ke, ina kika samo wannan katakon?"

Murja ta ce a ɗakin shirgi, cikin tabarma.

Gwaggo ba ta yi salati a nan ba, don wurin ba na ambaton Allah ba ne. Sai da ta fito da baya da baya har tsakar ɗaki, ta zauna daɓas a ƙasa, sannan ta saki salatin. Ta gaya mata komai, tun daga gonar hanyar Zango har ranar da aka binne Laraba. Ta ce kuma ɗazu da ta tsaya gaishe shi a zaure, maganar da ya fara yi mata ke nan, wai watan Sha'aban ya raba, ranar Juma'a a sauko masa da kayansa a shanya.

Tsoro Murja ta ji, da kunya, da wani baƙin ciki da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Tun da ta zo gidan nan tsohon bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tsakaninsu gaisuwa ce daga bayan labule, tana durƙushe, kanta a ƙasa, ya ce Allah ya yi albarka, ta tashi. Ko ƙwayar idonsa ba ta taɓa kallo ba. Ga shi abu guda da ya mallaka wanda ya damu da shi a duniya, ta yanka shi ta kai inda ake kama ruwa.

Daga ranar zama ya gagare ta gaba ɗaya. Ta kwashe kayan, ta ɓamɓare kantocin, ta kai su bayan ɗakin girki inda ba mai gani, ta wanke da ruwa ta sake wankewa har hannunta ya yi fari. Ta jera guntayen kusa da iyayensu ko za su haɗu, alhali ta fi kowa sanin abin da aka faskara aka huda da ƙusa ba ya komawa. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta sa wuta ba. Ta aika wa Harisu saƙo ta hannun wani direban Kwangwalam cewa ya zo gida akwai magana, direban ya dawo ya ce an ce ya yi gaba cikin Nijar, ba a san ranar dawowarsa ba.

Gwaggo ma ba ta zauna ba. Ta zaga gidajen matan malamai da tambaya a kaikaice, wai wata ce a wani gari abin ya faru da ita. Zamanin kuwa kowa ya zama malami, mai rediyo ma fatawa yake bayarwa. Wata ta ce ruwa na tsarkake katako, ba komai. Wata ta ce abin da ya kwana a banɗaki aljanu sun riga sun zauna a kai, sai dai wuta. Wata ta ce a bari ta tambayi malam in ya dawo daga tafsiri. Murja ta saurara kawai, don ita ta san ba tsarki ne ciwon ba. Tsawon ne ya tafi. Katakon da bai kai ya hau kafaɗun rami biyu ba, ko da ruwan Zamzam aka wanke shi faɗawa zai yi kan mamaci.

Sai Gwaggo ta zo da dabara. Ta ce idon Yaya ya yi rauni, hannunsa ma ba kamar da ba. Ta je wurin 'yan katako ta sa aka yanko wasu daidai tsawon na da, ta shigo da su cikin buhu kamar mai ɗauke da dawa. Ta ce a shafa musu jar ƙasa da ɗan man gyaɗa, a naɗe a tabarmar, ranar Juma'a a shanya daga nesa. Ta ce wannan ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne, kuma tsoho mai ciwo ba a kai masa abin da zai ƙarasa shi.

Murja ta karɓa. Har ta zauna ta goge guda ɗaya da samfefa, ta shafa jar ƙasar, kuma ya yi kama ƙwarai, don hannunta ya iya. Ta riƙe shi tana juyawa. Sai ta tuna cewa in dabarar ta ci, to ba ranar Juma'a za ta ƙare ba. Za a ɗauki tsohon nan wata rana a kai shi, a jera masa katakon kasuwa yana tsammanin inuwa ɗaya suke shi da matarsa, ita kuma tana cikin gida tana karɓar gaisuwa, ta sani. Ta ajiye katakon ta ce wa Gwaggo ba za ta iya ba. Gwaggo ta yi faɗa, ta ce in ya yanke jiki ya faɗi ba ruwanta, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ta shige ɗakinta ta saki labule.

Ranar Juma'a da hantsi Malam bai fita ƙofar gida ba, yana ɗakinsa na kusa da zaure yana jiran a kira shi ya ga shanya. Murja ta sa hijabi, ta naɗe guntattun katakon cikin tabarmarsu, ta ɗora a ka. Tsakar gidan nan da take sharewa kullum ranar ta yi mata nisa. Ta sauke a bakin ƙofarsa, ta durƙusa, ta yi sallama.

Ya amsa, ya ce Allah ya yi albarka, yana jiran ya ji tafiyarta. Ba ta tashi ba.

"Baba, na yi ɓarna."

Daga bayan labulen ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Ba ta ce laifin Harisu ne ba, ba ta ce laifin Gwaggo ne ba. Ta faɗi turmin da ta taka, da zarton, da inda ta kai su, da abin da ta ɗora a kansu. Da ta gama sai ɗakin ya yi tsit, har ta fara jin tsoron ko maganar Gwaggo ce ta tabbata.

Can ya ce ta shigo da su.

Ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ta shiga a sunkuye, ta kwance igiyar a gabansa. Yana zaune kan buzu ya jingina da bango. Ya ɗauki guda ya ɗora a cinya, ya bi sabon yankan da babban yatsa, ya bi hudar ƙusa. Ta saci kallonsa, karo na farko. Hawaye ne ke bin gemunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba.

"Na ji ƙarar zarto ranar," in ji shi. "Na ce maƙwabta ne ke gyara."

Ta ce ya yafe mata don Allah. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tambaye ta ko gaskiya ne ubanta kafinta ne, ta ce e. Ya ce ashe ta iya awo. Sai ya ajiye katakon, ya dafa ƙasa, a hankali ya zame ya kwanta a kan buzun ta gefen damansa, ya fuskanci gabas, ya miƙe ƙafafu ya haɗe su, ya manne hannunsa a jiki.

"Auna."

Murja ta ja da baya har ta bugi ƙofa. Ta ce Baba don Allah.

"Ba ke kika yanka ba? Masu haƙa da kaurin mutum suke aiki. Ɗora ki gani. A bar wa kowane gefe yatsa huɗu inda zai hau."

Ta matso da gwiwoyinta. Ta ɗauki katakon da hannu biyu ta gitta shi a saman kafaɗarsa, ba ta bari ya taɓa shi ba. Sai a lokacin ta ga abin da babbar riga da labule suka ɓoye mata. Mutumin da ake ba da labarin yana ɗaukar buhun gero shi kaɗai, ƙashin haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa ta cikin taguwa, wuyansa kamar na ɗan yaye. Ta sa yatsunta ta bayansa, huɗu suka samu wuri. Ta zagayo ta gaban ƙirjinsa ta sa. Ta sake gyara katakon ta auna, ta kuma aunawa, ko Allah zai sa ta yi kuskure.

"Ya isa?"

Kalma biyu ce kawai za ta faɗa ya tashi da farin ciki, kuma ba mai ƙaryata ta. Bakinta ya buɗe a kan su. Amma mutumin yana kwance ya ba ta amanar jikinsa, idonsa a rufe.

"Saura yatsa biyu, Baba."

Sai ta ji wata 'yar dariya ta fito masa ta hanci, ta koma tari.

"Yatsa biyu ba wuya, 'yar nan. Yadda nake jin jikin nan, kafin a sha ruwa na ƙarshe a azumin bana na rage su. Je ki shanya."

Ya miƙo hannu, ta rasa yadda za ta yi, ta kama ta tayar da shi zaune. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

Ta kwashi katakon ta fita, ta jera su a rana a tsakar gida. Gwaggo ta ɗaga labule ta leƙo, ta ga fuskarta, ta saki ba ta tambaya ba. Murja ta wuce ɗakin girki. Tuwon rana ta riga ta tuƙa, ta kwashe na Malam a ɗan ƙwanon da aka saba zuba masa. Ta tsaya tana kallon ƙwanon. Ta juye shi cikin babba, ta ƙara malmala, ta kwararo miya, ta buɗe kwalbar man shanu ta zuba cokali, ta ƙara wani, ta ƙara wani, tana kuka har ba ta ganin bakin kwalbar. Ta rufe ta ɗauka ta nufi ɗakinsa tun ba a kira sallar Juma'a ba.